Hunturu a Arewacin Adar: Hazo, Rairayi da Hanyar Agadas

Dusar ƙanƙara ba ta sauka a Tawa, da ke ƙasar Adar a Nijar. Sai can gefen Sahara na arewa ake ganinta jefi-jefi, kamar a garin Ain Sefra na Aljeriya, inda ta lulluɓe tuddan rairayi a 1979 da 2016 da 2018. Abin da hunturu ke saukar wa Adar shi ne ƙura, kuma ita ma tana rage gani, ta kwanta kan kwalta, ta jinkirta matafiya.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska mai bushewa ke busowa daga arewa maso gabas. Kaso mai yawa na ƙurar da take ɗauke da ita daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yake tasowa, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi. Idan hazo ya yi kauri, direba ba ya hango abin da ke gabansa da nisa. Da asuba kuma ɗari kan sauko zuwa wajen digiri 15 a watan Janairu, alhali da rana ana kusantar 30.

An fi jin wannan a babbar hanyar da ta tashi daga Tawa ta bi Tabalak da Abalak zuwa Agadas da Arlit, wadda aka shimfiɗa domin jigilar uraniyum. Inda kwalta ta farfashe, rairayi kan cike ramuka ya ɓoye su, sai mota ta afka ba shiri. Raƙuma da shanu kuma na tsallaka hanya zuwa ruwa cikin hazo. A hanyoyin daji na wajen Cintabaraden da Tasara, iska kan shafe sawun motoci cikin dare guda. Fasinjojin da ke saman kaya a buɗaɗɗiyar mota da 'yan kabu-kabu su suka fi shan jaura.

Nauyin bai tsaya kan hanya ba. Hunturu ya zo daidai da lokacin cin rani, sa'ad da mazan Adar da yawa ke tafiya Najeriya, Kwaddibuwa ko Libiya. Mata da tsofaffi ke rage a ƙauyuka, su ne masu neman itace, su ne masu kai yaro likita idan tari ya tsananta. Wutar jin ɗumi a ɗakin kara kan jawo gobara. Bushewar iska kuma tana raunana hanci da maƙogwaro, shi ya sa sanƙarau ke yaɗuwa daga wannan lokaci zuwa bazara, kamar yadda Nijar ta gani a 1995 da 2015.

Matsalar ita ce hazo ba ya yanke hanya rana ɗaya kamar ambaliya, saboda haka ba a ɗaukarsa bala'i. Amma tun da an san watannin zuwansa, ana iya shirya masa: cike ramuka kafin Nuwamba, kwashe rairayi daga kwalta, sanar da hasashen hazo a rediyo da tashoshin mota, da yin rigakafi da wuri. Aikin raya karkara na Keita, wanda ya soma a 1984 da tallafin Italiya, ya nuna cewa dashen itatuwa na iya tsayar da rairayi a ƙasar Adar. Ya kamata a kai irin wannan dashe bakin hanyar Agadas.