Njimi da Akad: Yadda Babban Birnin Daula Kan Ɓace

Njimi shi ne mazaunin sarakunan Saifawa a daular Kanem, gabas da Tafkin Chadi. Al-Idrisi ya ambace shi a littafinsa na 1154 a matsayin ƙaramin gari, amma bayan kimanin ƙarni guda Ibn Sa'id ya bayyana shi a matsayin birnin sarki. A zamanin Mai Dunama Dibbalemi, cikin ƙarni na 13, ikon Kanem ya kai Fezzan, har aka gina wa ɗalibanta makaranta a Alƙahira. Wajen ƙarshen ƙarni na 14 yaƙi da mutanen Bulala ya tilasta wa Mai Umar ibn Idris ƙaura zuwa Borno, inda daga baya Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu. Mai Idris Katagarmabe ya sake shiga Njimi a farkon ƙarni na 16, sai dai fada ba ta koma can ba. Sunan garin ya wanzu a rubuce, gurbinsa kuwa ya zama abin muhawara.

Irin wannan ne ya sami birnin Akad a ƙasar Iraƙi ta yau. Sarki Sargon ya kafa daularsa a can wajen shekara ta 2334 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya haɗe biranen Sumer ƙarƙashin sarki ɗaya, jikansa Naram-Sin kuma ya ƙara faɗaɗa ta. Daular ba ta cika shekara 200 ba, amma harshenta ya daɗe yana aiki, har sarakunan Masar sun yi wasiƙu da shi a ƙarni na 14 kafin haihuwar Annabi Isa. Duk da yawan allunan yumɓu da ke ɗauke da sunan birnin, ba a tono shi ba. Galibin masana suna kyautata zaton yana kusa da kogin Dijla, a yankin Bagadaza.

Rubutu kan adana suna, ba kasafai yake adana hanya ba. Marubutan fada ba su ga dalilin kwatanta wurin da kowa ya sani ba, su kuma malaman Larabawa da suka ambaci Njimi ba su taka ƙasar ba, labarin matafiya suka tattara. Sauran ɓarnar ta kayan gini ce: laka tana narkewa, zana tana ruɓewa, rairayi yana binnewa, kogi yana sauya hanya. Ga misalin akasin haka. Sukur, a kan duwatsun Mandara arewa da Mubi, ba ta taɓa kai ƙarfin Kanem ba, amma da yake da dutse aka gina fadar Hidi, wato sarkinta, da hanyoyinta, suna nan, har UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1999.

Akwai kuma kuskuren tunani, wanda ya fi rairayi illa. Mai neman Njimi da siffar Kano a ransa, wato ganuwa mai faɗi da ƙofofi da unguwanni, zai iya wuce shi bai gane ba. Gazargamu tana da wannan siffa, shi ya sa kufanta kusa da Geidam a Jihar Yobe bai ɓace ba tun faɗuwarta a 1808. Kanem kuwa ƙasar makiyaya ce, kuma ba dole ba ne girman fada ya yi daidai da girman mulki. Ginin jan bulo guda, kewaye da bukkokin jama'a, ya isa zama cibiyar daular da ke riƙe da hanyar fatauci zuwa Tarabulus.

A kan wannan fahimta binciken kufai a Kanem ya karkata ga wuraren da aka sami gasasshen bulo. Mafi ɗaukar hankali shi ne Tiye, a ƙasar Chadi, inda aka tono katangar jan bulo wadda gwajin shekaru ya danganta da zamanin da Saifawa ke mulki a Kanem, kuma wasu masu binciken suna ganin nan ne Njimi.