Tarihin Dajin Da Ke Tsakanin Potiskum Da Gashua

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Potiskum zuwa Gashua ta Jakusko ya san yadda ƙasa take shimfiɗe kamar tabarma. Kuka da aduwa da bagaruwa jefi-jefi, can gaba kuma goruba ta karɓe. Abin da matafiyi zai gani a yau shanu ne da raƙuma da tireloli masu ɗaukar dabbobi daga kasuwar Potiskum zuwa kudu. Naman daji kuwa sai dai a bakin dattawa, waɗanda ke ba da labarin barewa da gada da kura, har da jimina a can arewa wajen iyakar Nijar.

Mutane kan ɗora laifin a kan mafarauta. Suna da nasu kason, amma a ganina ruwa ne ya fi yin ɓarna. Farin 1973 da na 1984 sun ƙone ciyawa, sun kashe itatuwa, manoma kuma suka yi ta sare daji domin neman sabuwar gona. A 1974 aka gama dam ɗin Tiga a Kano, a 1992 na Challawa ya biyo baya. Ruwan da ke malalowa ta Haɗeja ya cika fadamun Nguru da Bade kowace damina sai ya canza hali, ciyawar kachala ta toshe magudanai, inda ake noma shinkafa da kamun kifi ya zama duhuwa, maɓoyar jan-baki.

Ko a Amurka an yi haka, sai dai nasu na bindiga ne. Ɓaunayen da ke yawo a filayensu miliyoyi ne, amma zuwa 1889 waɗanda suka rage ba su wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba.

Abin da ya rage mana shi ne tsuntsaye, kuma ba kaɗan ba ne. A tafkin Dagona da ke ƙasar Bade, da sanyin hunturu, za ka tarar da dinya da kirinjijiya da zalɓe, ga kuma agwagin ruwa da ke tasowa tun daga Turai, su ƙetare Sahara su sauka a nan. Saboda su ne Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona a 1989. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Yobe, aka kafa gandun dajin ƙasa na yankin Tafkin Chadi, Dagona da tuddan yashin Bulatura na Yusufari suka shiga ciki. Abin mamaki, da yawa cikinmu sun je Yankari amma ba su taɓa taka Dagona ba.

Mai son zuwa ya yi sammako tsakanin Disamba da Fabrairu, ya fara tambayar lafiyar hanya, ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora kafin rana ta ɗaga tsuntsayen su watse.