Tarihin Binciken Asalin Hazo

Tun zamanin dā mutanen ƙasar Gwandu, daga Dodoru har Kalgo, sun san hazo. Da an kawar da amfanin gona, iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, sai gari ya yi fari fat, rana ta dushe, tari da mura su kama yaro da babba. Amma ainihin wurin da ƙurar nan ta ke tasowa ya daɗe a ɓoye, sai dai a ce daga hamada ta ke.

A teku aka fara bin sawunta. A cikin shekarar 1832 wani masani Bature, Charles Darwin, yana cikin jirgin ruwa mai suna Beagle, kusa da tsibiran da ke yamma da Senegal, sai ƙura ta yi ta sauka a kan jirgin. Ya tara ta, daga baya ya aika wa wani Bajamushe, Ehrenberg. Shi kuwa da ya duba ta da madubi mai ƙara girman abu, sai ya tarar da ɓawon wasu ƙananan halittu, galibinsu na ruwan daɗi ne. Darwin ya tsaya a kan cewa iska ce ta kwaso ta daga Afirka.

Bayan shekara ɗari da ɗoriya, wani masani, McTainsh, ya riƙa tara ƙurar da ke sauka a ƙasar Kano yana aunawa, ya bayyana abin da ya gano a 1980. Sa'an nan hotunan tauraron ɗan Adam suka nuna babbar mahaifarta, watau kwarin Bodele a ƙasar Cadi, nisan fiye da kilomita 1,000 daga Kano. A dā ƙasan wani babban tafki ne. Da ya ƙafe, sai ya bar farar ƙasa ta ɓawon halittun ruwa. Iska kan matso tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta share kwarin, ta nufo ƙasar Hausa. A 2005 ayarin masana suka je can suka auna abin da idonsu.

To, amma ba dukan abin da mutumin birni ke shaƙa ne daga hamada ba. Mutanen Landan sun koyi wannan da wuya, don a watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal ya rufe birninsu, mutum wajen 4,000 suka mutu bisa ƙidayar farko, har aka kafa dokar tsabtace iska a 1956.

Dabarar rarrabewa kuwa ita ce, a zuƙo iska ta cikin takardar tacewa, a bincika abin da ya maƙale. Kowace ƙura da shaidarta. Ta hamada tana ɗauke da sinadaran yashi da yumɓu, hayaƙin itace yana da na toka, hayaƙin mota kuwa a dā da dalma a ke gane shi, kafin ƙasashen Afirka na kudu da Sahara su daina zuba ta cikin fetur a farkon 2006.

Amfanin wannan bincike a fili ya ke. Ƙurar Bodele ba mai ikon tsare ta, sai dai a rufe hanci da rawani. Amma hayaƙin murhu, da na janareto, da na ƙona shara a bakin kasuwannin Birnin Kebbi da Sakkwato da Kano, wannan aikin hannun mutane ne, maganinsa kuwa yana hannun hukuma da jama'a.