Inda Kunya Ba Ta Kaiwa: Nazarin Tsoron Allah da Riƙon Amana a Rayuwar Kirista

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin umarnin jin tsoron Allah a Littafin Firistoci, ta duba yadda ya bayyana a rayuwar Nehemiya da ta ikilisiyar farko, sannan ta auna shi da kunya, wadda take ginshiƙi a tarbiyyar Bahaushe. Nazarin ya nuna cewa nassi yana kawo wannan umarni ne a daidai wurin da mutum zai iya cutar wani ba tare da an kama shi ba.

Gabatarwa

A laccar da aka buga a 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, Anthony Kirk-Greene ya lissafa halaye goma, cikinsu har da gaskiya da amana da kunya da mutunci. Kunya tana da ƙarfi, ita ke hana yaro ɗaga murya a gaban surukinsa ko mahaifinsa. Sai dai tana da iyaka, domin da idon jama'a take aiki. Mai awo da ya bubbuge gindin mudunsa daga ƙasa har ya rage cin hatsi ba ya jin kunyar kowa, tunda ga mudu ya cika har yana zuba. Idan mai saye ya tsargu, abin da yakan fito daga bakinsa shi ne, "Haba, ka ji tsoron Allah mana!" Tambayar wannan bincike ita ce: shin Littafi Mai Tsarki ma a nan ya ajiye tsoron Allah? Hanyar da aka bi ita ce nazarin matani, wato duba kowace aya tare da abin da ke kewaye da ita.

Ayoyi biyar na Littafin Firistoci

Sau biyar Littafin Firistoci ya rufe wata doka da umarnin a ji tsoron Allah: 19:14, 19:32, 25:17, 25:36 da 25:43. Ta farko ta hana zagin kurma da sa wa makaho abin tuntuɓe. Kurma ba zai ji zagin ba, makaho ba zai ga wanda ya ajiye dutsen ba, saboda haka babu mai kai ƙara. Ta biyu ta ce a miƙe wa mai furfura. Ta uku ta shafi cinikin gona, inda ake yanke kuɗi bisa yawan shekarun girbi da suka rage kafin shekara ta hamsin, lokacin da gona ke komawa hannun masu ita na asali. Wanda ya iya lissafi yana iya danne wanda bai iya ba. Ta huɗu ta hana karɓar ruwa daga ɗan'uwan da talauci ya kama, ta biyar kuma ta hana gallaza wa wanda bashi ya mayar bara.

Malaman Yahudawa sun daɗe da lura da wannan. Rashi, wanda ya rayu a Faransa daga 1040 zuwa 1105, ya bayyana cewa irin waɗannan dokoki al'amura ne da aka bar wa zuciya. Misalinsa a kan mai furfura ya fi kowanne kama ni: mutum yana iya kawar da ido ya yi kamar bai ga tsohon ba, kuma babu alƙalin da zai tabbatar ya gan shi. Kowannenmu ya san wannan kawar da idon, a mota ne ko a bencin majami'a. A ganina nan ne asalin maganar take. Dokar tana magana da mai ƙarfi, mai ji da gani da lissafi, a kan wanda ba shi da bakin kare kansa.

Nehemiya da Hananiya

Nehemiya ya yi gwamnan Yahudiya shekara 12, daga shekara ta 20 zuwa ta 32 ta sarautar Artashate na Farisa. Gwamnonin da suka gabace shi sun ɗora wa talakawa abinci da ruwan inabi da shekel 40 na azurfa. Shi kuwa yana ciyar da mutum 150 a teburinsa, kullum ana yanka sa ɗaya da tumaki shida, amma bai nemi kason gwamna ba. Dalilin da ya bayar a 5:15 shi ne tsoron Allah. Abin lura, kason nan halaliyarsa ne a dokar daular. Da ya karɓa, babu mai ce masa ɓarawo.

Labarin Hananiya da Safiratu a Ayyukan Manzanni sura 5 ya juya al'amarin. Bitrus ya nuna wa Hananiya cewa gonar da ya sayar tasa ce, kuɗin ma yana hannunsa bayan sayarwa. Laifin shi ne kawo wani kaso na kuɗin a matsayin duka domin a yabe su. A nan son yabon jama'a, wanda ɗan'uwan kunya ne, shi ya haifi ƙaryar. Haka Bulus a Kolosiyawa 3:22 ya raba aikin ganin ido da aikin mai tsoron Ubangiji.

Akwai masu kafa hujja da 1 Yohanna 4:18 su ce ƙauna ta kawar da tsoro. Ayar da kanta ta fayyace cewa fargabar hukunci take nufi, wadda ta bambanta da girmama Allah da Bulus ya ɗora tsarkin rayuwa a kai a 2 Korintiyawa 7:1.

Amanar kuɗin ikilisiya

Wani zai ce, tunda tsoron Allah ya isa, me ya sa za a binciki ma'ajin ikilisiya? Sau da yawa an ji dattijo ya ɓata rai don an nemi ganin littafin kuɗi, yana cewa, "Wato ba ku yarda da ni ba ke nan?" Bulus bai ɗauki abin haka ba. Da yake tara gudummawa domin matalautan masu bi na Urushalima, ya bayyana a 2 Korintiyawa 8:18-21 cewa akwai ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa da kansu ya raka kuɗin, don kada a sami abin zargi, kuma yana so aikin ya zama daidai a gaban Ubangiji da gaban mutane. A 1 Korintiyawa 16:3 ma ya bar wa Korintiyawa su zaɓi masu kai kuɗin. Manzo ne, shi ya kafa ikilisiyar, amma shi ya fara neman shaidu a kan kansa. Wannan ne tushen nassi na al'adar da ikilisiyoyi da yawa ke bi a yau, inda bayan sujada mutum biyu ko uku ke zama su juye baiko a kan tebur, su ƙirga tare, kowa ya sa hannu a takarda kafin ma'aji ya ɗauka.