Doro da Peseta: Sunayen Kuɗin da Suka Fito Daga Sifaniya

Bahaushen da ya bi ta Arlit da Assamaka ya sauka a unguwar Tahaggart ta birnin Tamanrasset, ba zai daɗe yana ciniki ba zai ji an ambaci doro. A lissafin mutanen Aljeriya, doro 20 ne dinari ɗaya. Asalin kalmar ba Larabci ba ne, ba kuma Buzanci ba. Daga Sifaniya ta ƙetaro teku.

Tun ƙarni na 16 Sifaniyawa suke buga wani babban kwabon azurfa mai nauyin kusan giram 27, da azurfar da suke haƙowa a Mekziko da Potosi. Sun kira shi peso, wato nauyi, sannan suka ƙara masa duro, wato mai ƙarfi, saboda kyawun azurfarsa. A bakin 'yan kasuwa sai ya koma duro kawai. Fatauci ya yaɗa shi a Arewacin Afirka, ballantana ma Sifaniya ta riƙe garin Wahran na Aljeriya daga 1509 zuwa 1708, ta sake riƙe shi daga 1732 zuwa 1792.

Wannan babban kwabo yana da ƙanwa, ita ce peseta. Ɗafa-ƙeyar -eta da ke ƙarshenta aikinta nuna ƙanƙanta, kamar yadda muke sa ɗan ko 'yar a gaban suna. Wasu masana sun ce 'yar peso ke nan, wasu kuma sun jingina ta ga peceta ta harshen Kataloniya, ma'ana ɗan guntu. A 1868 ministan kuɗin Sifaniya Laureano Figuerola ya mayar da ita kuɗin ƙasa, peseta 5 ta zama duro ɗaya.

Da Faransa ta mamaye Aljeriya daga 1830, jama'a suka laƙaba wa kwabon faran 5 tsohon sunan da suka saba da shi, wato duro, wanda ya zama doro. Dinari ya zo a 1964, amma lissafin bai gushe ba. Haka abin yake a Maraɗi da Damagaram, inda ake kiran sefa 5 dala, sefa 100 kuma dala ashirin.

Sifaniya ta daina amfani da peseta a 2002, ta koma yuro. Doro kuwa har gobe ana lissafi da shi a kasuwannin Aljeriya.