Rarrashi

rarrashi (suna, namiji, wasu kan ce *lallashi*, aikatau: *rarrasa*)

1. Kwantar wa jariri mai rigima hankali har ya yi shiru ko barci ya ɗauke shi. Uwa takan ba shi nono, ta saɓa shi a kafaɗa tana bubbuga bayansa har ya yi gyatsa, ko ta goya shi da zane tana jijjiga shi a hankali da waƙar reno. Da wuya goyo ya kasa. Misali: "Yaya, zo ki rarrashe shi, tuwona zai ƙone."

2. Ba babba haƙuri idan ya yi fushi.

Idan kukan jariri ya ƙi rarrashi, ga zazzaɓi ko ƙin kama nono, a kai yaron asibiti. Kada a girgiza shi da ƙarfi.