Sunan Wa Za A Rubuta A Jikin Kofin Sukuwa?

Yau na ɗan ajiye labarin soyayya, zan taɓo tarihin doki da masu ɗaukar nauyin wasansa.

A ƙasarmu ta Kazaure, tun da Ɗan Tunku ya kafa masarauta a 1819, doki abin sarauta ne. Ranar hawan salla hakimai daga Roni da Gwiwa kan shigo da dawakinsu, kuma kuɗin dawa da harawa da kayan ado daga aljihun mai doki suke fita. A Katsina ma haka ne. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, shi ya raya sukuwa da wasan folo, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi. Mai ciyar da doki shi ake yi wa kirari.

To, a Ingila akwai wata irin sukuwa da doki ke tsallake shinge yana cikin gudu. A 1957 kamfanin giya na Whitbread ya sa kuɗi a wata gasa a filin Sandown, aka raɗa wa kofin sunansa. Daga nan ƙofa ta buɗe. Babbar gasarsu, Grand National, wadda ake yi a Aintree tun 1839, ta kusa mutuwa lokacin da aka so sayar da filin. Kamfanin barasa na Seagram ya ɗauki nauyinta daga 1984, Martell ya karɓa a 1992, John Smith's a 2005, sai Randox, masu gwajin lafiya, a 2017. Shi kuwa kofin Whitbread, a 2008 ya koma sunan bet365, kamfanin caca.

Ku lura da kyau: kuɗin sun ceci wasan, amma suna ya tafi wurin mai biya.

Iskar ta iso mana. A filin folo na Fifth Chukker da ke Kaduna, bankin Access ya shafe shekaru yana ɗaukar nauyin gasar da ake tara wa UNICEF kuɗi. Ban ga laifin wannan ba, domin riƙon doki yanzu ya fi ƙarfin talaka, har da wasu hakiman.

Tsorona ɗaya ne. Ranar da mai kuɗi zai zo Kazaure ko Babura ya ce zai ɗauki nauyin sukuwa, a fara tambayarsa me yake sayarwa, kuma sunan wa zai hau kofin. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In kamfanin caca ne, yaranmu da ke bakin fili su ne kasuwarsa. A karɓi tallafin taki ko na shinkafa, amma kofi ya zauna da sunan garin da na magabatansa.

Allah Ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa.